Shagon iri a hanyar Samaru: abin da na gani a damina uku

Tsakanin Kwangila da Samaru akwai shagunan kayan gona da dama, kuma wanda zan yi magana a kansa ba shi ne mafi girma a cikinsu ba. Ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano a gabansa, an jibge buhunan kamfa da yuriya a gefe guda, magungunan feshi suna kan kantar hagu, ledojin iri kuma suna kan kantar dama, inda rana ba ta kaiwa. Damina uku ke nan a jere ina sayen iri a wurin domin gonar da muka gada a bayan Bomo, wadda na koma nomawa da kaina bayan na ajiye aiki. Ba zan ambaci sunan shagon ba, saboda a cikin abin da zan faɗa akwai yabo, akwai kuma ƙorafi, kuma ba na son ƙorafina ya zama sanadin taɓa abincin wani. Manoman da ke bin wannan hanya za su iya auna duk shagon da suke shiga da abin da zan bayyana.

Dalilin da ya sa nake ɗaukar sayen iri da muhimmanci har haka shi ne damina ta daina tsayawa a kan alkawarin da muka san ta da shi. Ƙasar Zazzau tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, daga watan Mayu zuwa farkon Oktoba, kuma idan aka haɗa lissafi a ƙarshen shekara sau da yawa adadin ba ya yin nisa da haka. Inda matsalar take shi ne yadda ruwan yake rarrabuwa. Sai a yi ruwa mai ƙarfi sau ɗaya ko biyu, mutane su fita shuka, sannan sama ta ɗauke mako biyu ko uku har tsiron ya ƙone, daga baya kuma a cikin Agusta ruwan ya zo da yawan da zai kwantar da masara a kan kunya ya wanke takin da aka zuba. Dattawanmu suna ba da labarin farin 1973 da na 1984 a matsayin masifu da suka zo suka wuce, amma abin da muke gani yanzu ƙananan fari ne da ke shigowa tsakiyar damina kusan kowace shekara, kuma manomi ba ya sanin makon da za su faɗo. A irin wannan hali, ƙwayar da mutum ya jefa a rami ita ce shawara mafi nauyi da yake yankewa a shekara, domin taki da noma da feshi duk a kanta za su ƙare.

Ranar da na fara shiga shagon na tafi ne da niyyar sayen masara mai aure, wato wadda ake samarwa ta hanyar haɗa iri biyu daban-daban, irin wadda maƙwabcina yake cika rumbu da ita. Mai shagon, wanda a shekaru bai wuce sa'an babban ɗana ba, bai miƙo mini leda ba sai da ya yi mini tambayoyi. Ya ce, “Baba, kafin in ba ku iri, ku gaya mini gonar jigawa ce ko tana riƙe ruwa, akwai wuta-wuta a cikinta ko babu, buhu nawa na taki za ku iya saya, sannan abin da za a noma na ci ne ko na kasuwa.” Da na faɗa masa gaskiya, cewa rabin gonar wuta-wuta ta riga ta mamaye shi kuma aljihuna ba zai ɗauki takin da mai aure take buƙata ba, sai ya ba ni shawarar in bar ta in ɗauki SAMMAZ 15, wadda kuɗinta bai kai na waccan ba. Ya bayyana mini cewa ita ba mai aure ba ce, tana jure wuta-wuta, kuma idan na zaɓi goyo masu kyau daga tsakiyar gona zan iya maimaita irin na shekara biyu ko uku kafin in sabunta. Mutumin da ya rage wa kansa ciniki domin ya gaya maka abin da ya dace da gonarka ya cancanci a koma wurinsa, kuma wannan ne ya sa na koma.

Ga wanda bai saba da waɗannan sunaye ba, “SAM” ɗin da ke farkonsu daga Samaru aka ɗauko shi. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda aka fi sani da IAR, ta samo asali tun 1922, ta kuma shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma ita ce gwamnatin tarayya ta ɗora wa alhakin inganta masara da dawa da wake da gyaɗa da auduga. Saboda haka masara take ɗauke da sunan SAMMAZ, dawa SAMSORG, wake SAMPEA, gyaɗa SAMNUT, auduga kuma SAMCOT. Cibiyar ba ita ce ke cika shaguna da iri kai tsaye ba. Masanan da suka ƙirƙiri iri suna riƙe da ɗan kaɗan na asali, daga shi ake ninka irin tushe, daga irin tushe kuma kamfanoni da manoman da suke yi musu noma suke samar da wanda ake ɗaurewa a leda a sayar mana. A kowane mataki na wannan tafiya ana iya samun gauraye ko ha'inci, shi ya sa amanar mai shago take da nauyi.

A nan shagon ya burge ni. Duk ledar da na saya tana ɗauke da katin shaidar Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa, wato NASC, wadda dokar 2019 ta ƙara wa ƙarfi, kuma a kan wasu ledojin akwai lambar da ake kankarewa a tura ta waya domin a tabbatar ba jabu ba ne. Mai shagon da kansa ya kankare ya tura a gabana, ya nuna mini amsar da ta dawo. Duk da haka ban dogara da wannan kaɗai ba. Na ƙirga ƙwaya 100, na nannaɗe su a jiƙaƙƙen tsumma, na ajiye a inuwa ina yayyafa ruwa, bayan mako guda na tarar 93 sun tsira. Duk wanda ya taɓa sayen hatsin kasuwa da aka shafa wa jan launi aka kira shi ingantaccen iri ya san darajar wannan adadi, domin gurbin da bai tsira ba asara ce ta taki da ta kwadago, kuma cike gurbi bayan mako biyu ba ya kamo na farko.

A daminar farko ruwa ya tsaya mana kwana goma sha shida a daidai lokacin da masarar ta kai gwiwa. Ganyenta yana naɗewa da rana yana buɗewa da asuba, amma ba ta mutu ba, kuma da ruwa ya dawo ta miƙe. Wuta-wuta ta fito, ba zan ce ba ta fito ba, sai dai masarar ba ta tsugune ta yi rawaya kamar yadda tsohon irinmu yake yi a wannan sashe ba, ta kuma yi goyo. Ya kamata a fahimci iyakar abin. Irin da aka ce yana jure fari ba ya rayuwa babu ruwa, abin da yake yi shi ne ya ƙara wa manomi 'yan kwanaki na haƙuri, kuma idan tsayawar ruwan ta faɗo a lokacin da masara take fitar da kai da gemu, kowace iri ce za ta ji jiki. Mai shagon ya faɗa mini haka tun kafin in biya kuɗi, bai yi mini alkawarin abin da ba ya hannunsa ba.

A shekara ta biyu shi ne ya matsa mini in cire masara daga sashen da wuta-wuta ta fi yawa in sa gyaɗa. Hujjarsa ita ce ƙwayoyin wuta-wuta suna iya kwanciya a ƙasa shekaru masu yawa suna jiran saiwar dawa ko masara ko gero, amma gyaɗa da waken soya da auduga suna sa wasu daga cikinsu su tsira ba tare da sun sami abin kamawa ba, sai su mutu, ga shi kuma gyaɗar tana barin ƙarfi a ƙasa. Ya ba ni SAMNUT 24, wadda take nuna a kimanin kwana 90 kuma take jure cutar kuturtar gyaɗa. Mutanen da suka manyanta za su tuna cewa wannan cuta ce ta yi wa gyaɗar Arewa mummunar ɓarna a 1975, a zamanin da dalar gyaɗa ta Kano take gab da zama tarihi. Na cire gyaɗata tun ruwa bai ɗauke ba, ƙasa tana da laushi, ban bar rabinta a cikin turɓaya ba kamar yadda ake yi idan ƙasa ta bushe, harawar kuma ta ciyar da tumakin gida har cikin bazara. A duk abin da na saya a shagon, wannan gyaɗa ce ta fi biyana.

Akwai kuma irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, wanda ake ta muhawara a kansa. Shagon yana sayar da waken SAMPEA 20-T, wanda masanan Samaru ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku suka samar, aka kuma amince da fitar da shi a 2019. An yi shi ne domin ya kare kansa daga tsutsar nan da ke cinye fure da kwanson wake, ta yadda manomin da yake feshi sau shida zuwa takwas zai iya tsayawa a kan kamar sau biyu. A farkon 2024 kuma aka fitar da masarar TELA, daga SAMMAZ 72T zuwa 75T, wadda aka yi domin jure fari da tsutsar kara da kuma tsutsar nan mai cin zuciyar masara da ta shigo ƙasar nan a 2016. Abin da na yaba shi ne mai shagon ya ware waɗannan a gefe guda, kuma ba ya miƙa wa kowa sai ya gaya masa ko wane iri ne, domin akwai manoman da ba sa so, kuma haƙƙinsu ne su san abin da suke shukawa. Na gwada waken a 'yan kunyoyi. Tsutsar ba ta yi masa komai ba, amma sai da na yi feshi saboda ƙananan ƙwarin fure da masu tsotse kwanso, waɗanda kariyar ba ta shafe su ba. Ban bar kananadonmu, wakenmu na gargajiya, ba saboda shi, domin kananado yana yaɗo ya rufe ƙasa, yana ba da harawa mai yawa, kuma a kasuwa manyan ƙwayoyinsa suna da masu nema.

Ƙorafina na farko ya shafi dawa, kuma har yanzu ina jin zafinsa. A shekara ta biyun nan na sayi wata gajeriyar dawa mai saurin nuna, na shuka ta tare da masara a farkon Yuni, kamar yadda muka saba shuka farafara. Ranar da na saya mai shagon ba ya nan, yaronsa ne ya ba ni, bai kuma ce mini komai game da lokacin shuka ba. Dawar ta fito da kyau, ta fitar da kai tun ruwa yana tsakiyar zuba, a lokacin da babu wata dawa da ta nuna a duk faɗin wannan yanki. Tsuntsayen unguwar gaba ɗaya suka tare a gonata, abin da suka bari kuma ruwa ya sa ya yi baƙi da fumfuna a kan zangarniya. Da na koma na faɗa masa, mai shagon ya karɓi laifi, ya ce irin wannan dawa a ƙasar Zazzau jinkirta shukarta ake yi domin nunarta ta dace da ɗaukewar ruwa, ko kuma a ajiye ta domin shekarar da damina ta makara. Bayanin daidai ne, amma ya zo bayan an yi asara. Shagon da darajarsa take kan shawara bai kamata ya bar kanta a hannun wanda bai san abin da yake sayarwa ba, musamman a makonnin da manoma suke tururuwa.

Wannan asara ce ta sa na fahimci hikimar da ke cikin tsohuwar dawarmu, wadda a da nake ɗauka jinkirinta aibi ne. Farafara da kaura da mori na gargajiya ba kwanaki suke ƙirgawa ba, tsawon yini suke bi. Ko an shuka su da wuri ko an makara, sai yini ya fara gajarta sannan suke fitar da kai, kuma kowane yanki yana da irin da lokacin fitar kansa ya dace da ƙarshen daminar wurin, ta yadda ƙwaya za ta cika da sauran damshin ƙasa ta kuma bushe a cikin iskar kaka, babu fumfuna. Masu bincike a Samaru sun tabbatar da wannan tun shekarun 1960. Kakanninmu ne suka yi wannan zaɓe, zangarniya bayan zangarniya, shekara bayan shekara, ba tare da sun rubuta komai ba. Gaskiya ne cewa idan ruwa ya ɗauke da wuri doguwar dawa tana shan wahala, kuma a nan ne gajeren iri yake da rana. Abin da na koya shi ne gona tana buƙatar duka biyun, domin babu wanda ya san irin daminar da za a yi.

Daga nan ne babban ƙorafina ya taso, kuma ya wuce kan wannan shago shi kaɗai. Idan mutum ya tsaya gaban kantar iri ya duba, zai ga masara ta cinye fiye da rabinta, fara da rawaya, mai aure da marar aure, ta kamfanoni daban-daban. Sai shinkafa da waken soya, sai ɗan wake da gyaɗa, sai gwangwanayen irin tumatir da kabeji da albasa na 'yan lambu. Dawa ba ta wuce kala biyu ba. Gero sai an yi sa'a, duk da cewa akwai ingantacce irin su SOSAT da cibiyar binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ta yaɗa. Maiwa da dauro babu su. Gurjiya, wadda take yi a ƙasar da ta gaji kuma take jure ƙarancin ruwa fiye da gyaɗa, ban taɓa ganinta a leda ba. Haka acca da tamba da iburu, waɗanda mutanen kudancin jihar nan suke nomawa a ƙasar da masara ba za ta yi ba sai da taki mai yawa. Ke nan amfanin gonar da ya fi iya jure sauyin yanayi shi ne wanda babu shi a shagon da ake zuwa neman maganin sauyin yanayi.

Na tambayi mai shagon dalili, ya kuma ba ni amsa ta gaskiya. Ya ce, “Baba, abin da kamfani ya ɗaure shi nake kawowa, kamfani kuma abin da za a dawo a sake saya baɗi yake ɗaurewa.” Masara mai aure dole a sabunta ta kowace shekara, ga masu abincin kaji da masana'antu suna jiran ta da kuɗi a hannu, amma wanda ya sayi mudun gurjiya sau ɗaya ba zai sake dawowa ba sai bayan shekaru. Na ce masa to ya karɓi tsohuwar farafarar da gwaggona take adanawa a tukunya da toka tun muna yara, ya riƙa sayar wa masu so. Ya ce ba zai iya ɗaure ta a leda ya sayar a matsayin iri ba, tunda ba ta da rajista kuma babu wanda ya duba gonar da aka noma ta ya ba da shaida. Ban ga laifinsa ba. Dokar da take kare ni daga jabun iri ita ce kuma ta bar irin gwaggona a waje, kuma wannan giɓi ne da masu tsara manufa ya kamata su dube shi da idon basira.

A kan takarda ƙasar nan ba ta rasa manufofi ba. An sa hannu a dokar sauyin yanayi a Nuwamban 2021, wadda ta kafa majalisar ƙasa kan lamarin, a shekarar kuma aka yi dokar kare haƙƙin masu ƙirƙirar sabon iri. Akwai manufar fasaha da ƙirƙira a aikin gona ta 2022 zuwa 2027, sannan a Yulin 2023 gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci kan wadatar abinci. Akwai ma'ajiyar iri ta ƙasa a Ibadan, wato NACGRAB, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa, wato IITA, da ke can ita ma tana riƙe da tarin irin wake mafi girma a duniya, an kuma kai kwafin wasu irin har rumbun ƙanƙara na Svalbard da ke ƙasar Norway, wanda aka buɗe a 2008. Duk wannan aiki ne mai kyau, ban raina shi ba. Sai dai irin da ke kwance a ɗakin sanyi ba ya ci gaba da sabawa da sabon yanayi, wanda ake shukawa kowace shekara ana zaɓen mai kyau a cikinsa shi ne yake tafiya tare da damina duk inda ta karkata. Ni manomi ba na ganin manufa a Abuja, a kan kantar shago nake ganinta, kuma abin da kantar take nuna mini shi ne an yi nisa wajen inganta amfanin gona huɗu ko biyar, an bar sauran a hannun tsofaffin mata da tukwanensu. Tallafin da ake rabawa ma yawanci masara ne da shinkafa da alkama da takinsu, wanda hakan yake ƙara tura manomi ga shuka abu ɗaya.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne amsar tana nan kusa da mu tun da daɗewa. A shekarun 1960 masu nazarin tattalin arzikin noma na Samaru sun zauna a ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi suna auna gonaki, suka tarar mafi yawan ƙasar da ake nomawa gauraye ake shuka ta, gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya, kuma suka nuna cewa wannan ba rashin wayewa ba ne, domin yana ba da amfani mai yawa a kan fili ɗaya kuma yana rage haɗarin tashi hannu rabbana. Gero yana nuna da wuri ya kashe yunwar tsakiyar damina, dawa tana jiran ƙarshe, wake yana shiga ƙarƙashinsu ya rufe ƙasa. Idan farkon damina ya ɓaci ƙarshenta ya gyaru, akwai abin da za a girba, idan aka sami akasin haka ma akwai. Hanwa yanzu gidaje sun cinye ta, amma darasin bai tsufa ba. Da manufar ƙasa za ta buɗe hanya mai sauƙi ta yi wa irin manoma rajista, ta tallafa wa ƙungiyoyin ƙauye su kafa rumbun iri na haɗin gwiwa, ta kuma sa gero da gurjiya da acca cikin abin da ake saye domin ciyar da 'yan makaranta da ajiyar gwamnati, da kamfanoni sun ga kasuwa, da kuma kantar wannan shago ta canza da kanta.

Sauran ƙorafe-ƙorafen ƙanana ne, amma suna taɓa talaka. Sabon iri yakan iso a makare, wani lokaci sai an riga an yi ruwan shuka, kuma wanda ya matsu sai ya ɗauki ragowar bara. Sau ɗaya an ba ni irin wannan ragowa ba tare da an gaya mini ba, na gane ne daga kwanan watan da ke kan katin, aka kuma canza mini ba gardama. Mafi ƙanƙantar ledar masara kilo biyu ce, alhali mai son gwada sabon iri a kunya biyar ba ya buƙatar haka, kuma da akwai ƙananan ƙulli da mutane da yawa sun gwada abin da suke tsoro. Bayanin da ke jikin ledoji kusan duk da Turanci ne, a garin da mafi yawan masu saye Hausa suke karantawa, da boko ko da ajami. Farashi yana tashi tsakanin mako da mako tun bayan cire tallafin man fetur a 2023, ko da yake wannan ba daga shagon ba ne. Sannan ina ganin yaran shagon suna ɗura maganin feshi a ƙananan kwalabe da hannu tsirara, babu safar hannu babu abin rufe hanci, a ɗakin da ake ajiye iri. Na yi masa magana a kan haka sau biyu, har yanzu ban ga canji ba.

Akwai wata hidima da yake yi kyauta wadda ta kusa rufe waɗannan. Idan hukumar kula da yanayi ta ƙasa, wato NiMet, ta fitar da hasashen damina a farkon shekara, yakan nemo abin da ya shafi ƙananan hukumomin Sabon Gari da Giwa da Zariya da Kudan, ya rubuta da alli a jikin allo a bakin rumfa, wato lokacin da ake sa ran ruwa zai zauna, da lokacin ɗaukewarsa, da ko ana tsoron tsayawarsa a tsakiya. Yana kuma maimaita wa duk wanda ya shigo cewa hasashe ne, ilimin gaibu na Allah ne, amma kada a yi shuka da ruwan farko sai ƙasa ta jiƙu ta kai zurfin tafin hannu an kuma ga alamar wani yana biye. A garin da yake da NAERLS, cibiyar da ke kula da harkar malaman gona ta ƙasa baki ɗaya, abin mamaki ne a ce manoma da yawa ba su taɓa ganin malamin gona a gonarsu ba, sai mai shago ne yake cike wannan gurbi. Yana yi da zuciya ɗaya, amma mai sayarwa ne, kuma ba kowane mai sayarwa ne zai hana kansa ciniki kamar yadda wannan ya yi mini ba.

Ga mai neman masara ko gyaɗa ko wake ko waken soya mai shaida, wanda zai tsira kuma ya zama abin da aka rubuta a jikin leda, ina ba da shawarar irin wannan shago ba tare da shakka ba, da sharaɗin ya je tun watan Afrilu, ya nemi mai shagon da kansa, ya duba kwanan watan da ke kan kati, ya karɓi rasit, ya kuma gwada ƙwaya 100 a tsumma kafin ya kai gona. Mai neman gero da maiwa da gurjiya da tsohuwar dawa kuwa sai ya nufi kasuwar Giwa ko ta Makarfi, ko ya tambayi dattawan ƙauyensu tun lokacin girbi, kafin a kai abin da ya rage wurin niƙa. Bana na raba gonar gida huɗu. Masara da gyaɗa daga shagon za su fito, su yi musayar wuri da inda suka zauna bara, gajeriyar dawar nan zan sake gwada ta amma sai cikin Yuli, sashen da ya fi tudu kuma na bar wa farafarar gwaggona da kananado a ƙarƙashinta. Ta riga ta auna mini mudu biyu, ta kuma ce in mayar mata da huɗu idan Allah ya kai mu kaka.